Neman shawara: me zan ba 'yan wasana su yi a Japan ta zamanin samurai ban da sara da suka?

Mai Jan Wasa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin jan dogon wasan labari na tebur, irin wanda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya, ni ina ba da labari, dayis yana raba gardama. 'Yan wasa biyar ne, zama takwas muke so, kowane zama awa uku. Sun zaɓi Japan ta zamanin samurai: samurai biyu, mace mai magani, ɗan leƙen asiri da ɗan kasuwa. Duk abin da na tsara sai ya koma "ga 'yan fashi can, ku je ku sare su". Kuma idan ubangidansu ya ba da umarni, to magana ta ƙare, ba su da sauran zaɓi. A taimaka da dabaru, Allah Ya saka da alheri.

Dattijon Zaure:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin komai, tsayar da shekara. Japan ta 1570 daban, ta 1645 daban. Daga yaƙin Onin na 1467 har zuwa faɗuwar Osaka a 1615 ƙasar a yamutse take, bara na iya juya wa ubangida baya ya kwana lafiya. Bayan gidan Tokugawa ya kama mulki a 1603 kuwa, abin da ya fi kashe gidan sarauta takarda ce da doka. Wanda ya cakuɗa zamanan biyu, 'yan wasansa ba za su san abin da ya kamata su ji tsoro ba, shi ya sa suke komawa ga takobi.

Tunda kana da ɗan kasuwa da mai magani, ka ɗauki 1645. Ga labarin da zai ci maka zama huɗu ko biyar.

Tun 1635 doka ta wajabta wa sarakunan yankuna, wato daimyo, su riƙa yin shekara ɗaya a Edo (Tokyo ta yau), ɗaya a ƙasarsu, matansu da magadansu kuma suna zaune a Edo kamar jingina. Sannan kafin 1651, idan daimyo ya mutu ba shi da magajin da gwamnatin shogun, wato shugaban soja mai mulkin ƙasar daga Edo, ta amince da shi, ba a karɓar ɗan riƙon da aka naɗa a gadon mutuwa. Sai a ƙwace ƙasar, barorinsa duka su zama ronin, samurai marasa ubangida marasa albashi.

To, ubangidan jarumanka yana kan hanyar Tokaido zuwa Edo da ayarin mutum 150. Ya iso Kanaya, a gaɓar yamma ta kogin Oi. Wannan kogi an hana gina masa gada, an hana jirgin fito, 'yan dako ne ke ɗaukar mutane a kafaɗa ko a kan makara su tsallakar da su. Damina ce, kogi ya kawo, an rufe mashiga. A daren farko ubangida ya cika a masauki, ba shi da ɗa. Mutum bakwai kaɗai suka sani: jarumai biyar, babban bafade, da yaron da ke kai masa abinci.

Aikinsu: takardar neman amincewa da ɗan ƙaninsa a matsayin magaji ta isa Edo da hatiminsa, a karɓe ta yana "raye". Daga Shimada, a ɗaya gaɓar, zuwa Edo kusan kilomita 200 ne, tafiyar kwana biyar zuwa shida a ƙafa. Ka ga kowa ya samu aiki. Mai magani ita ce za ta riƙa shiga ɗakin da ƙwarya tana fitowa tana cewa jiki da sauƙi, ita ce kuma za ta nemo gishiri da turare saboda zafi ba ya rufa wa gawa asiri. Ɗan kasuwa zai nemo bashin kuɗin masauki, don kowace rana ta jira mutum 150 ne ke ci. Wani ayarin daimyo ma ya maƙale a garin, ya aiko a gaida mara lafiya, kuma ƙin karɓar gaisuwa cin fuska ne.

Zana da'ira a takarda ka raba ta gida shida, ka ajiye a tsakiyar tebur. Duk ranar da ta wuce, ko duk ƙaryar da dayis ya kayar, ka cike gida ɗaya. Gida na uku, jita-jita ta shiga kicin. Na biyar, jami'in shogun ya nemi ganin ubangida ido da ido. Na shida, asiri ya tonu. Kada ka ɓoye da'irar. Ganinta tana cika shi ke sa su gaggawa su yi kuskure.

Uwar Ɗaki:
Baba Dattijo ya gama magana, sai dai in ƙara shingen Hakone, wanda ke tsakaninsu da Edo. Abin da masu gadin suka fi sa wa ido shi ne mata masu fita daga Edo, don kada matar wani daimyo ta sulale. Saboda haka mai maganinka za ta shiga ba wahala, a dawowa ne za ta gane kurenta. Sai da takardar izini mai bayanin kamanninta, kuma mace ce ke bincikenta har cikin gashin kai. Ƙofa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta take buɗe, wanda aka kama ya zagaye ta daji hukuncinsa kisa. Ka rubuta takardar izinin da hannunka ka miƙa wa 'yar wasan, ka sa kuskure ɗaya a ciki, misali an rubuta gashinta dogo alhali an aske shi saboda zazzaɓi. Ka bar ta ta gano da kanta tun kafin su iso.

Ɗan Barde:
Ni fa ban yarda a raba yara da yaƙi gaba ɗaya ba, Malam. Mutum biyu sun zaɓi samurai, takobi suke so su zare. Idan haka ne koma 1581 da 1582, lokacin da Hideyoshi ke yaƙar gidan Mori a madadin ubangidansa Oda Nobunaga.

A Tottori, 1581, kafin ya kewaye ganuwar an riga an saye shinkafar yankin da tsada, har na cikin ganuwa suka sayar da tasu. Da aka rufe hanya sai yunwa ta yi aikin da mashi bai yi ba. Sa jarumanka a cikin ganuwa wata biyu kafin kewayewar. Ɗan kasuwarka ne zai fara lura cewa baƙin fatake na biyan ninki, kuma mai tsaron rumbu yana murna. Ba su lissafi a fili: koku ɗaya kusan lita 180 ne na shinkafa, abincin mutum ɗaya na shekara. Mutum 1,200 a ganuwa na cin koku 100 a wata. Idan rumbu ya rage koku 250, kwana 75 ke nan. Manoma 600 suka gudo suna buga ƙofa: a buɗe, kwanakin su koma 50. Su za su yanke.

Na biyu, Takamatsu a 1582. Hideyoshi ya gina madatsa ya juyo da ruwan kogi ya mai da ganuwar tsibiri. Ana cikin haka, a watan Yuni, Akechi Mitsuhide, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Nobunaga, ya ci amanarsa a gidan bautar Honnoji da ke Kyoto, Nobunaga ya mutu a nan. Hideyoshi ya ɓoye labarin, ya yi sulhu da Mori da sauri, ya juya Kyoto. Ba jarumanka wasiƙar da ke ɗauke da labarin mutuwar, su ratsa sansanin Hideyoshi da dare cikin ruwan sama su kai wa gidan Mori. Ka tuna bindigar lokacin, wadda Turawan Fotugal suka kawo Tanegashima a 1543, da lagwani mai ci take tashi. Ruwa ya jiƙa shi ta zama sanda. Amma ka shirya wa abin da zai faru idan wasiƙar ta isa. Kada ka murɗe dayis don tarihi ya tafi yadda ya tafi, 'yan wasa na ganewa kuma daga ranar ba za su ƙara damuwa ba.

Mai Jan Wasa:
Na gode ƙwarai, na ɗauki na kogin Oi. Saura matsalar umarni. Na ga wasu na ba da makin mutunci, a rage wa wanda ya saɓa. In yi haka?

Malamin Allo:
A'a ɗan'uwa, maki ɗaya tilo shi ke kawo abin da kake kuka da shi. Ɗan wasa zai lissafa abin da ke ƙara maki ya bi, shi ke nan. Ba kowa kati uku ya rubuta sunan wanda yake bin sa bashi: ubangida, wani na jini, da wani na ɓoye da ya taɓa yi masa rana. Dokarka ɗaya: kowane zama ka haɗa katin mutum ɗaya biyu faɗa, ka riƙa zagayawa. Misali babban bafade ya ce a rufe bakin yaron da ke kai abinci, yaron kuwa ɗan wanda ya biya wa samurai ɗinka bashi ne. Wanda ya ci amanar kati, ka yage shi a gabansa, wancan mutumin ya zama abokin gaba mai suna da fuska.

Umarni kuma ka riƙa ba da shi a dunƙule. Ubangida ya ce "kada in sake jin wannan magana", bai faɗi yadda za a yi ba. Ko kuma manya biyu su ba da umarni masu karo da juna, ɗaya a Edo ɗaya a gida.

Takobi kuwa ka bar su su zare, amma da farashi. Akwai ƙa'idar da ke hukunta ɓangarorin rigima duka biyu ba tare da tambayar wa ya fara ba. A 1701 Asano, sarkin Ako, ya zare wa wani babban jami'i mai suna Kira makami a fadar shogun; a ranar aka umarce shi ya kashe kansa, aka ƙwace ƙasarsa. Ɗaukar fansar uba ko wa ma sai an yi rajista an samu izini, in ba haka ba kisan kai ne. Saboda haka bayan kowane faɗa ka tambaye su abu uku: wa ya gani, gawar ta wane gida ce, wa zai kai rahoto. Faɗa biyu ko uku a zama takwas sun isa. Batun kashe kai kuma ku tattauna tun zaman farko. Idan wani bai so, korar mutum daga ƙasa ko aske kai ya shiga gidan bauta na cike gurbin.

Uwar Ɗaki:
Idan za ka sa fatalwa, guda ɗaya ta wadatar, kuma ta kasance tana da ƙara. A labaransu fatalwar mai ƙulli kan dawo ne saboda zaluncin da aka binne. Sa 'yan dakon Oi su ƙi shiga ruwa ko da ya janye, wai suna ganin mace tsaye a tsakiyar kogi. Jarumai suka bincika sai su tarar ubangidansu ne ya sa aka nutsar da ita a tafiyar da ta gabata, kuma ta bar ɗa namiji a Kanaya wajen wata mai sayar da shayi. Ga magaji na jini ke nan, ga takardar ɗan ƙani an riga an buga mata hatimi. Ka ajiye wannan sai da'irar ta kai gida na huɗu.