Darbejiya 40 a layinmu: za su busar da rijiyoyi ko za su rage mana zafi?

Malam Sani, sakataren unguwa: Assalamu alaikum. Kamar yadda aka tsayar ranar Lahadi bayan la'asar, za mu dasa darbejiya 40 a gefen layinmu da zarar ruwa ya zauna. Sai dai Alhaji Garba ya ce yana da magana kafin a fara tara kuɗi. Bismillah, Alhaji.

Alhaji Garba: Wa'alaikumus salam. Ba wanda ke ƙin inuwa a Kano. Amma rijiyar gidana mahaifina ne ya haƙa ta, kuma ina yaro ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Yanzu tun watan Fabrairu guga ke dawowa da laka. Bishiya ruwa take zuƙowa daga ƙasa ta watsar a iska. Ruwan da bai ishe mu ba, shi za mu ƙara wa baki arba'in? Ni na ce itatuwan nan za su ƙarasa rijiyoyinmu.

Hajiya Binta: Haba Alhaji. Kafin a sare manyan itatuwan bakin titi, yara a waje suke wuni. Yanzu da azahar ko akuya ba ta tsayawa a layin nan. Kuma ai kowa ya sani bishiya ce ke jawo hadari.

Malama Hauwa: Baba Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa, ba zan ɓoye ba. A jikin ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Sai bishiya ta buɗe su take shaƙar iskar kabon da take haɗa abincinta da ita, kuma da ta buɗe sai ruwa ya fice ya zama tururi. Fiye da kashi 95 cikin 100 na ruwan da saiwa ta sha ta nan yake tafiya. Abin da ta riƙe a jikinta kaɗan ne.

Amma ruwan ba a banza yake tashi ba, da zafi yake tafiya. Duba randa. Me ya sa ruwanta ya fi na robar da ke kusa da ita sanyi? Tsatsafowar da take yi ce ke bushewa tana kwashe zafi. Da wannan hikimar marigayi Mohammed Bah Abba ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani a ƙauyukan Jigawa, don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Idan bishiya ta fitar da lita 100 a yini, wato jarka huɗu masu lita 25, zafin da ta kwashe ya kai kusan abin da ƙaramin AC mai ƙarfin doki ɗaya zai kwashe in ya kwana ya wuni yana aiki. Zafin ranar da ya sauka kan kwalta da siminti kuwa ba shi da ruwan da zai busar, sai ya gasa su, su kuma su yi ta huro mana zafin har tsakar dare. Shi ya sa in ka shiga tsohuwar BUK ko Nassarawa masu yawan itatuwa a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, jikinka ke gaya maka ka canja wuri.

Abba: Anti Hauwa, ki yi haƙuri, ni ina bayan Kawu Garba. A darasinmu mun karanta abin da ya faru a kewayen Yamai. An share daji an mai da shi gonakin gero, an kuma sha farin 1973 da na 1984, amma ruwan ƙarƙashin ƙasa sai hawa ya yi ta yi shekara da shekaru, har 'yan mitoci. Ruwan sama ya ragu, itatuwa sun ragu, rijiyoyi suka ƙaru da ruwa. To me ya rage?

Alhaji Garba: Allah ya yi maka albarka, yaro. Ku ji fa.

Malama Hauwa: Abba, abin da ka kawo haka yake, amma ka tsaya a rabin labari. Ta ina ruwan ya bi ya shiga ƙasa a can? Da aka share daji ƙasa ta yi tauri, ruwa ya daina nutsewa a inda ya sauka, ya riƙa gangarewa yana yanka kwazazzabai har ya taru a tabkuna, daga gindin tabkunan ne yake tsiyaya ƙasa. Mu ina namu tabkunan? Kududdufan da Kano ke da su a da, nawa aka cike aka yi gini a kai? Tsakar gidajenmu duk mun shafe da siminti, ƙofar gida intalok, ruwa na sauka kwata ta kwashe shi. In ba bishiya a layin nan, ruwan ba rijiyar Baba Alhaji zai tafi ba, gaba zai yi.

Akwai kuma binciken da aka yi a gonakin kaɗanya na Burkina Faso, aka fitar a 2016. Sun gano cewa ruwa ya fi isa ƙarƙashin ƙasa a inda itatuwa suke jefi-jefi, ba inda suka cunkushe ba, ba kuma fili fetal ba. Saiwoyi da gara suna huda ƙasa a kewayen bishiya, ruwa ya sami hanya.

Hajiya Binta: To maganar hadarin fa?

Malama Hauwa: Hajiya, nan kam ba zan bi ki ba. Daminarmu daga tekun Atlantika iska ke ɗauko ta. A 1975 wani masani, Jule Charney, ya ce tsirarar ƙasa na iya korar ruwan sama a yankin Sahel, amma binciken da ya biyo baya ya nuna ɗumin tekuna ne babban dalilin farin da aka yi. Tsirrai na da nasu tasirin in faɗin ƙasar ya yi yawa, bishiya 40 dai ba za ta kira hadari ba. Kuma waɗannan abubuwa auna su ake yi. Ana kafa doguwar hasumiya a gona ko daji, na'urorinta na auna motsin iska da tururi da kabon da zafi sau 10 zuwa 20 a kowace daƙiƙa, a san me ƙasa ta ba sama, me ta karɓa. An yi babban aiki irin wannan kusa da Yamai a 1992. Ina ma a ce muna da ɗaya a tsakiyar birnin nan, wata a bayan gari.

Malam Isa mai haƙar rijiya: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma shekarata 30 ina shiga rami. Ƙarƙashin yawancin Kano dutse ne, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, ba teku ba ne. Alhaji, ƙirga burtsatsen da ke layinmu. Da kake yaro babu ko ɗaya. Yanzu kowane gida da injinsa, wasu ma sayarwa suke yi wa 'yan garuwa daga asuba. Rijiyarka ba ta kai zurfinsu ba, dole su riga ka. Amma gaskiya ɗaya: na sha tarar da saiwar darbejiya ta fasa bangon rijiya da na masai. Kada a dasa kusa da su. Itacen turare kuma kada a kawo shi ko kyauta ne.

Liman: Jama'a, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce gare shi. Amma a saurari Alhaji, shi ma haƙƙin maƙwabtaka yake karewa.

Alhaji Garba: Allah ya gafarta Malam, shayar da ruwa ma sadaka ce, gida biyar ke ɗiba a rijiyar nan. Malama, na ji bayaninki, amma ke da bakinki kin ce darbejiya na sha, kuma ba ta zubar da ganye da rani kamar sauran itatuwa, lokacin da muka fi matsuwa. Ban janye ba. Abin da zan yarda da shi: a dasa 20, a ba su tazara, a nesanta su da rijiyoyi, a fasa intalok a bar wa kowace fili a gindinta yadda ruwan sama zai shiga. Ni kuma zan ɗaure ƙulli a igiyar guga, duk Juma'a Abba ya zo mu auna mu rubuta.

Malama Hauwa: Na yarda, Baba. Amma a fara awon tun wannan Juma'ar kafin a dasa komai, a kuma riƙa rubuta duk sabuwar burtsatsen da aka haƙa a layin, in ba haka ba laifin injin zai hau kan bishiya.

Malam Sani: An rubuta: darbejiya 20, ba turare. Malam Isa zai zagaya da mu ranar Asabar bayan sallar asuba ya nuna inda ba za a haƙa ba. Mai kwano da diga ya fito da su.