Shin rago ne mai dogaro da laburaren sadarwa?

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. An ƙi karɓar manhajar da na rubuta wa wani ofishi domin aika bayanai tsakanin kwamfutocinsu, wai don na yi aiki da Winsock, hanyar sadarwa ta Windows, kai tsaye maimakon libcurl, wani laburaren aika bayanai, wato tarin ayyukan manhaja da wasu suka riga suka rubuta. A ganina, duk wanda ba zai iya buɗe soket, wato ƙofar sadarwa tsakanin kwamfutoci, da hannunsa ba, sai ya jingina da laburaren wani, to rago ne.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar rago. Tun 1998 Daniel Stenberg yake kula da manhajar curl, kuma laburarenta, libcurl, ya warware matsalolin da kai ba ka ma ci karo da su ba tukuna. TCP, tsarin isar da bayanai a intanet, ba ya kiyaye iyakar saƙo, shi ya sa recv, umarnin karɓar bayanai, kan miƙo maka rabin abin da aka aiko, sai ka tattara sauran da kanka, ga kuma ɓoye bayanai ta TLS da tantance shaidar sabar, inda kuskure ɗaya ya isa ya tona asirin masu amfani.

Malama: Injiniya, ragwancin yana nan, amma yana wajen wanda ya ɗauko laburare ya manta da sabunta shi. A 2014 ɓarakar Heartbleed ta bayyana a OpenSSL, laburaren ɓoye bayanai, kuma duk wanda bai sabunta nasa ba ya bar ƙofarsa a buɗe.

Ɗalibi: Ranka ya daɗe mai ƙorafi, ai Winsock ɗin ma laburare ne, kuma tsarin soket na jami'ar Berkeley na 1983 ya kwaikwaya. Ke nan kai ma ragon ne?

Mai ƙorafi: Yaro, ba da kai nake magana ba.

Injiniya: Tushen wahalar Windows ce. A Linux babu mai tilasta maka kiran WSAStartup, umarnin kunna Winsock, kafin ka fara aiki.

Malama: Kullum sai ka kawo mana Linux, alhali ofisoshin da muke yi wa aiki Windows suke amfani da ita.

Mai kula da zaure: Jama'a, a tsaya haka. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda rubuta soket da hannu ɓata lokaci ne, kuma mafita ita ce laburaren Qt Network, wanda nake aiki da shi, tunda yana gudana a Windows da Linux baki ɗaya.

Malama: Babu wanda ya ambaci Qt sai kai.