Hutun Disamba daga Jos: wane wuri mai ɗumi ya dace da iyali mai ƙananan yara?

Baban Ilham, Rikkos:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar tafiye-tafiye. Makarantu za su ba da hutu a tsakiyar Disamba, kuma kowa ya san Jos a wannan lokaci: sanyin asuba, hazo, leɓe a tsattsage, yara kullum cikin mura. So muke mu fita na kwana shida ko bakwai zuwa wuri mai ɗumi, inda yara za su ajiye rigunan sanyi su shiga ruwa. Mu shida ne: ni da mai ɗakina, yara uku (mai shekara 11, mai 7, da Ilham 'yar wata 14), sai Hajiya mahaifiyata, wadda ciwon gwiwa ba ya barin ta yi doguwar tafiya a ƙasa. Fasfo ni da uwargida kaɗai muke da shi. Wasu sun ce Obudu, wasu Yankari, wasu Kalaba, wani ma ya ce mu wuce Zanzibar kai tsaye. Abin da ba zan yi sassauci a kai ba: abincin halal ba tare da wahala ba, wurin salla a kusa, da ruwan da ba shi da haɗari ga yara. Wanne kuke gani?

Ɗan Alƙaleri:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da cire Obudu daga lissafi. Tsaunin ya haura mita 1,500, ita kuwa Jos wajen mita 1,200 take. Tudun da ke kawo muku sanyi a gida shi za ka tarar can, har da ƙari. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Yankari ce mafi kusa da kai. Daga Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130 ne. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karkata dama zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai sauran kusan kilomita 40 a cikin daji kafin masaukin Wikki. Ka ware awa huɗu, ka tashi da hantsi, ka cika tanki a Bauchi, ka riƙe kuɗi a hannu saboda layin waya yana ɗaukewa a ciki. Kada ka yarda dare ya same ka a wannan hanya, kuma kwana ɗaya kafin tafiya ka kira masaukin ka tabbatar da ɗaki, wuta, ruwa da halin da hanya ke ciki.

Abin da ke kai mutane shi ne maɓuɓɓugar Wikki. Ruwanta yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa. Can gindin dutsen da ruwan ke fitowa zurfinsa ya kusa mita 2, ba wurin yaro ba ne. Idan aka bi ruwan ƙasa yana raguwa har ya dawo iya ƙugu, nan mai shekara 7 zai yi wasa, babba na tsaye kusa da shi. Sai dai matakala ake bi a sauka zuwa bakin ruwan, kuma hawowar ita ce aikin. Ga Hajiya, sauka ɗaya a rana ta isa, a tafi mata da kujerar roba.

Gwaggon birin masaukin ba sa tsoron mutum. Leda suka sani: duk wanda ya riƙe ta, abinci ne a wurinsu, kuma yaro suka fi rainawa. Kada yaro ya fito da biskit ko lemo a hannu, a rufe taga da ƙofa ko da minti biyu za a yi a waje, a ɗaga gilashin mota. Wajen zagayen ganin namun daji kuma a guji tufafi baƙaƙe da shuɗaye, su ke jawo ƙudan tsando. A Disamba ciyawa ba ta gama kwantawa ba, ruwa kuma bai ƙafe a ƙoramu ba, don haka dabbobi a warwatse suke. Gadu, gwambaza da birai za a gani. Giwa kuwa sai an yi sa'a. Wanda giwa ce burinsa ya jira Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙishi ke tara su a bakin kogin Gaji.

Maman Sultan, Gwarimpa:

Ɗan Alƙaleri ya faɗi gaskiya, amma Alhaji ɗumi ya ce yana nema, kuma a Yankari ruwan ne mai ɗumi, ba garin ba. Iskar hunturun da ke kaɗawa a Jos ita ke kaɗawa a Bauchi. Rana ta faɗi, sai an nemi bargo, kuma yaron da ya fito daga ruwa mai digiri 31 zuwa busasshiyar iskar yamma, mura ce ke jiransa. Yankari wurin kwana biyu ce. Zuwa na uku yara sun gama ganin abin da za su gani.

Ɗumin gaske a Disamba yana bakin teku. Dalili kuwa, iska mai laima tana riƙe zafi bayan faɗuwar rana, busasshiyar iskar arewa kuma sakin sa take yi nan take. Shi ya sa a Legas ko Kalaba dare kan tsaya sama da digiri 20, rana kuma ta ɗan haura 30, alhali a Jos asuba na iya saukowa kusa da 10.

Kalaba gari ne mai natsuwa, kuma unguwar Bogobiri ta Hausawa ce, akwai masallaci, tsire da tuwo. Abu biyu za ka sani. Na farko, a bakin kogi take, babu rairayin teku a cikin gari. Na biyu, bikin kanibal da aka fara a 2004 yana kaiwa ƙololuwa ne a makon ƙarshe na Disamba: kuɗin otal ya yi sama, a rufe manyan tituna, kiɗa har tsakar dare, shigar 'yan rawar kuma ba irin wadda za ka so ka tsaya kallo kai da Hajiya ba ce. In Kalaba ce, ka shiga da an ba da hutu ka fito kafin Kirsimeti, ko ka jira makon farko na Janairu.

Legas ta fi wuraren kai yara, kuma batun halal ba ya tasowa: Agege, Obalende, Idi-Araba duk namu na nan, masallaci kuwa ko'ina. Matsalarta cunkoson Disamba. Ka kama masauki kusa da wuraren da za ku je, in ba haka ba rabin hutun a cikin mota zai ƙare.

Yanzu batun ruwa, kuma don Allah a nan a saurare ni. Tekun da ya bi daga Legas zuwa Kwatano, Lome har Akara ba na wankan yara ba ne. Gaɓar tana da gangare, taku biyar ƙasa ta kuɓuce wa ƙafa, sannan akwai wuraren da ruwan ke komawa ciki da ƙarfi ta wata siririyar hanya. Abin takaicin, wurin nan shi ya fi kama da kwanciyar hankali, saboda igiya ba ta fashewa a kansa. Wanda ya ja, kada ya yi kokawa da shi yana neman gaɓa kai tsaye, gajiyar ce ke kashewa. Ya yi iyo a kaikaice, a jere da gaɓa, har ya fita daga hanyar. Ga yara dai dokar ɗaya ce: teku iya idon sawu, hannu cikin hannun babba. Wankan gaske a yi shi a tafkin ninƙaya na otal. Tarkwa Bay ya fi sauran lafawa saboda katangar duwatsun tashar jiragen ruwa tana kare shi, amma da kwalekwale ake zuwa, kuma ba na ba da shawarar a sa 'yar wata 14 a ciki sai akwai rigar hana nutsewa daidai jikinta.

Jirgi kuma: hazon hunturu kan jawo jinkiri ko soke tashi a filin jirgin Jos da ke Heipang, jiragen ba su da yawa balle ka samu madadi. Ya fi sauƙi ku biyo ta Akwanga da Keffi ku kwana a Abuja, ku ɗauki jirgin farko na safe, don jinkiri taruwa yake yi yayin da rana ke tafiya. Ilham ba ta kai shekara 2 ba, a cinya za a riƙe ta, ɗan abu kaɗan ake biya mata, amma dole sunanta ya shiga tikiti. Ka nemi keken guragu don Hajiya tun lokacin sayen tikiti, ba sai an je layi ba.

Abu Fahad, Wuse 2:

Zanzibar ta cika duk sharuɗɗanka, Alhaji. Mutanenta kusan duka Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, kuma Disamba zuwa Fabrairu lokacin zafinsu ne. Amma ba ta wannan Disambar ba ce, kuma takardu ne dalili.

Mutum huɗu ba su da fasfo. Kowane yaro sai da nasa, har jaririyar, kuma sai kowa na da lambar NIN da ta dace da takardar haihuwa harafi da harafi. Bambancin Aisha da A'ishatu kaɗai ya isa ya tsayar da aiki. Naku biyun ma ka duba, ya zama da sauran aƙalla wata 6 daga ranar shiga. Bayan fasfo ya fito ne za a nemi biza, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi. Ana cika ta a intanet a jira amincewar hukumar shige da ficensu, abin da kan ci makonni, don haka a ba shi wata biyu. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amsa ta zo. Daga Oktoba 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta ta kanta, dala 44 ga babban mutum, ko da kana da wata. Jirgi daga Abuja yawanci ta Addis Ababa ake bi a canza, wanda da jira da komai yini guda ne ga tsohuwa da goyo.

In an shirya don baɗi, a lura da gefen tsibirin. A gabas, irin su Paje da Jambiani, ruwa kan janye nesa ƙwarai sau biyu a rana, ya bar fili mai ciyawar teku da wasu halittu masu ƙaya, sai da takalmin roba. A arewa, Nungwi da Kendwa, janyewar kaɗan ce, ana wanka kusan kowane lokaci. Mai yara arewa ya nufa.

In dai sai an fita waje, Ghana ta fi sauƙi: ƙasar ECOWAS ce, babu biza, jirgin bai kai awa biyu ba, kuma a Nima da Mamobi Hausa za ka yi ciniki da ita. Sai dai tekun shi ne wanda Maman Sultan ta yi gargaɗi a kai. Masar kuma kada hoton rana ya ruɗe ka, Disamba hunturunsu ne, Alƙahira da dare sai da rigar sanyi. Duk ƙasar da za a je, a tanadi katin rigakafin shawara, kuma allurar sai ta cika kwana 10 kafin katin ya fara aiki.

Anti Nas, Tudun Wada:

Ƙari kaɗan ta ɓangaren lafiya. Sauron bakin teku ya fi na Jos yawa nesa ba kusa ba, ku tafi da gidan sauro ko da ɗakin mai na'urar sanyi ne. Zazzaɓin cizon sauro ba ya bayyana kafin kwana 7 da cizon, wato sai kun dawo gida zai nuna kansa, a ce ai sanyin Jos ne ya kama yaro. Duk zazzaɓin da ya zo cikin wata guda da dawowa, a yi gwajin jini a ranar.

Gudawa ita ta fi ɓata hutu, kuma daga ƙanƙarar cikin lemo, salak da 'ya'yan itacen da aka yanka aka ajiye take zuwa. Ku riƙe ORS (garin gishiri da sukari na gudawa) da ƙwayar zinc. In babu ORS: lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarfi, illa yake yi wa yaro. Ilham a rage mata kaya, auduga ɗaya mara nauyi ta isa. Naɗe ta irin na Jos ƙurajen zafi zai fito mata a wuya da matsematsin cinya. Daga 11 na safe zuwa 3 na rana a zauna a inuwa. Maganin Hajiya na kullum ya shiga jakar hannu, ba akwatin da za a auna ba.

Baban Ilham, Rikkos:

Allah ya saka da alheri, na gamsu. Zanzibar sai baɗi in Allah ya kai mu, Yankari kuma hutun Ista. Legas za mu nufa. Maman Sultan, otal ko gidan haya na kwanaki?

Maman Sultan, Gwarimpa:

Gidan haya mai ɗaki uku, Alhaji. Mutum shida a otal ɗaki biyu ne ko uku, ga abinci sau uku a rana, alhali a gida uwargida za ta dama wa Ilham kununta, a yi wa Hajiya miya mai ƙarancin gishiri. Kafin ka tura ko sisi, a nuna maka gidan ta kiran bidiyo kai tsaye, ba hoto ba: a kunna famfo ka ga launin ruwan, a nuna maka tafkin da ɓangaren yara, ka ga ko yana da shinge da ƙofa. Ka tambayi awa nawa janareta ke aiki da dare, kuma ko kuɗin wuta na cikin kuɗin haya. Hawa na ƙasa za ka nema saboda gwiwar Hajiya, ko da an ce akwai lifta, don wuta ta ɗauke ita ma ta tsaya. Kuɗin ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna a rubuta adadinsa da ranar mayarwa, ranar shiga kuma ka ɗauki bidiyon kowane ɗaki kafin a sauke kaya.