Wane masallacin katako zan ziyarta a Turkiyya?

Baban Yusra: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Zan je Ankara duba yarona da ke karatu a can, kuma ina da kwana uku da ba ni da wani aiki. Na ji labarin tsofaffin masallatan nan masu ginshiƙan katako. Wanne zan nufa?

Ɗan Konya: Wa'alaikumus salam, Baba, Allah Ya kawo ku lafiya. Guda biyar ne UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2023: na Afyon, na Sivrihisar, Aslanhane a Ankara, Mahmut Bey a Kastamonu, da Eshrefoglu a Beyshehir. In ɗaya kawai za ku gani, to Eshrefoglu. Sarki Suleiman Bey ne ya gina shi tsakanin 1296 da 1299. Daga waje dutse za ku gani, ba ya ɗaukar ido sosai. Amma da kun cire takalmi kun shiga, sai ku tarar da ginshiƙan itace sama da arba'in a jere, kowanne dogo, samansa an sassaƙa shi hawa-hawa kamar saƙar zuma. Ni na yi sallar Azahar a can, na zauna har La'asar ban tashi ba. Mihrabinsa kuma an yi masa ado da ƙananan tayil masu shuɗi da ruwan bula, an jera su ɗaya bayan ɗaya.

Maman Ilham: Ɗan Konya, ka manta da ramin tsakiya! Alhaji, akwai wani rami a tsakiyar masallacin. Da can, in dusar ƙanƙara ta taru a kan rufi, sai a tura ta cikin ramin. Tana narkewa a hankali tana ba itacen danshi, don kada ya bushe ya tsattsage. Masu kula da wurin sun ce wannan dabarar na cikin abin da ya sa katakon ya wuce shekara 700. Abin da ya fi tsaya min a rai ke nan.

Malam Injiniya: Ni kuwa zan ce a fara da na kusa. Aslanhane yana cikin Ankara, ƙasan ganuwar tsohon gari, an gama shi wajen 1290. Ginshiƙai 24 ne, kuma a saman yawancinsu an ɗora duwatsun marmara da aka samo daga tsofaffin gine-ginen Rumawa. Ku tsaya a gaban mumbarin ku duba da kyau. An sassaƙa shi ne da kamannin aikin da ake haɗa ƙananan guntayen katako, kowanne ya shiga cikin ɗan'uwansa ya kama. Turkawa suna kiran wannan aikin kundekari. Amfaninsa shi ne in sanyi ko zafi ya motsa katakon, akwai wurin da zai ɗan juya ba tare da ya fashe ba. Safiya ɗaya ta ishe ku.

Baban Yusra: Madalla. To na Kastamonu fa? Na ji ana cewa babu ƙusa ko ɗaya a rufinsa.

Hajiya Turai: Shi ne Mahmut Bey, Alhaji, an gina shi a 1366, a wani ƙauye da ake kira Kasaba kusa da Kastamonu. Ƙarami ne, amma zanen fenti da ke jikin katakon rufinsa ya fi na sauran kyau a idona, ja da ruwan ɗorawa, har yanzu launin bai mutu ba. Da na ɗaga kai sai na tuna da azarar ɗakin kakata a Zariya, yadda ake jera ta a rufi, duk da cewa aikin ya bambanta. Sai dai ƙofarsa ta asali ba ta nan, an kai ta gidan tarihi a cikin garin Kastamonu. Kuma hanyar tana da nisa, babu jirgin ƙasa mai sauri zuwa can. Da kwana uku, ban ba ku shawarar haɗa shi da Beyshehir ba, za ku gaji.

Ɗan Konya: Gaskiya Hajiya ta faɗa. Baba, ga yadda zan tsara muku: ranar farko Aslanhane. Washegari ku hau jirgin ƙasa mai sauri daga Ankara zuwa Konya, bai kai awa biyu ba. Daga Konya motar Beyshehir, kusan kilomita 90. Masallacin yana kusa da bakin tafki, don haka bayan sallah ku sauka ku ci kifi. Ku kwana Konya, ku dawo rana ta uku.

Maman Ilham: Ku tafi da safa mai kauri in lokacin sanyi ne, ƙasa tana da sanyi ƙwarai ko da akwai darduma. In uwargida za ta bi ku, a Eshrefoglu akwai wurin mata a sama, daga can ma an fi ganin sassaƙar rufin.

Baban Yusra: Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Na tura wa yaron ya saya mana tikitin Konya. Hajiya Turai, Kastamonu sai ranar bikin kammala karatunsa in Allah Ya kai mu.