Takardar tantance haɗari a injin shinkafa: ta dubu 450 ko ta dubu 80?

Mai Inji: Assalamu alaikum. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa yi. Ina da ɗan injin casar shinkafa a hanyar Kura, ma'aikata 14, takwas na dindindin, shida 'yan aikin yini. Wani kamfani a Legas zai riƙa ɗaukar kaya a wajenmu, amma sun ce kafin a sa hannu sai mun kawo takardar tantance haɗarin wurin aiki, sun ba mu sati uku. Na samu mutum biyu. Na farko ya ce naira dubu 450, zai zo ya yini biyu a wurin, ya zauna da yara. Na biyu ya ce dubu 80, in turo masa hotuna ta WhatsApp, kwana biyu ya gama. Ba maganar rajistar abinci nake ba, wannan mun gama tuni. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Dawanau: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka fara zuwa NAFDAC tukuna, in babu lambarsu babu mai karɓar kayanka a Legas.

Maman Yara: Ya ce fa sun gama wannan. A riƙa karantawa har ƙarshe don Allah.

Birkila: Mu a wajen gini a Abuja naira miliyan ɗaya da dubu 200 aka biya, bene hawa shida. Dubu 450 ai kyauta ce.

Auta: Kyauta? Ni dubu 35 na biya a gidan burodina, har da hoto mai kala da bango mai ƙyalli.

Sefti Ofisa: Alhaji, wanda bai taka wurin ba bai tantance komai ba. Aikin kansa ba tsafi ba ne. Ana zagaya wurin ne lokacin da inji ke aiki, a rubuta duk abin da zai iya cutar da mutum, a rubuta wa zai cutar, har da direban da ya zo lodi da yarinya mai tallan abinci. Sai a ba kowane haɗari maki biyu daga 1 zuwa 5, ɗaya na yiwuwar faruwarsa, ɗaya na muninsa, a ninka su. Wanda ya kai 20 ko 25 ba ya jiran gobe. Bayan nan a rubuta gyaran da za a yi, wa zai yi, ran yaushe. A injin shinkafa tun daga nan zan iya faɗa maka inda maki zai taru: bel da babu murfi, tukunyar turara, ƙurar ɓuntu, ƙarar inji, ɗaukar buhu mai kilo 50 yini guda, da jarkokin man gas kusa da janareta. Ƙara kuwa, in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka, to akwai alamar ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma awa takwas a cikin wannan kullum yana cin kunne a hankali. Ta yaya hoto zai nuna wa mutum ƙara?

Yayan Marayu: Ku yi ta lissafin maki. Ni bari in gaya muku abin da takarda ta yi wa ƙanena. Shekara uku ke nan. Yana aiki a wani injin matsar gyaɗa, ba zan kama suna ba. Suna da irin wannan takarda, na gan ta da idona daga baya, shafi arba'in da wani abu, a cikin durowar manaja, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Ranar an ɗauke wuta inji na cikin aiki, kaya ya cushe. Aka ce ya sa hannu ya zaro. Babu wanda ya kashe makunni, tunda ai babu wuta. Hannunsa na ciki aka kawo wuta. Wanda ke kusa da shi ya ce abin da ya fara ji shi ne ƙarar hannun rigar yana yagewa, kafin ihun. Kafin a ruga a kashe, an gama. A Keke Napep aka kawo shi, an naɗe hannun da buhun da babu komai, don akwatin agajin gaggawan nasu babu abin da ke ciki sai auduga da kwalbar aidin da ta bushe. Daga gwiwar hannu aka yanke. Mai wurin ya zo asibiti sau ɗaya, ya ajiye dubu 100 a ƙarƙashin filo, ya ce ƙaddara ce. Da muka koma, sai aka ce mana shi ɗan aikin yini ne, ba ya cikin littafi. Yaron da ke da mata da 'ya'ya biyu, yanzu kati yake sayarwa a bakin titi, da haƙori yake buɗe leda. A shafi na 12 na takardar nan an rubuta cewa a kashe inji a kulle kafin a sa hannu. Shi ko karatun boko bai yi ba, kuma babu wanda ya taɓa karanta masa.

Maman Yara: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi dangana.

Baba Makanike: Allah ya kyauta. Shekara 27 ina gyaran inji, irin wannan na gani ya fi a ƙirga, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne: an ɗauke wuta, an kawo wuta. Maganinsa kwaɗo ne na naira dubu biyu. Ka kashe babban makunni, ka danna kwaɗo, mukulli a aljihun wanda zai sa hannu, ba a aljihun manaja ba. Alhaji, ka ɗauki dubu 80, ragowar kuɗin ka kira mai walda ya yi wa kowane bel raga. Takarda ta Legas ce, raga ta yaranka ce.

Sefti Ofisa: Baba, da girmanka, amma wannan shawara za ta iya jefa shi cikin matsala. In kamfanin suka turo nasu mutumin ya ga an rubuta abin da babu shi a wurin, kwangila ta tafi. Na taɓa ganin wadda aka kai wa wani gidan ruwan leda, an manta ba a goge maganar hawa rufin bene da ƙugiyar ɗaga kaya ba.

Baba Makanike: Ɗana, kai injin nawa ka taɓa kwancewa?

Sefti Ofisa: Ban kwance ba Baba, amma na yi karatun, ina da takardar shaidar sefti ta NEBOSH, kuma ina cikin ISPON, ƙungiyar ƙwararrun sefti ta Najeriya.

Baba Makanike: To ni ina da yatsu goma cif bayan shekara 27. Ita ce tawa takardar.

Ɗan Dawanau: Baba ya ci wannan zagayen.

Auta: Ni haɗarin da na tantance a wajen aikina guda ɗaya ne, matar mai gida in ta zo duba lissafi. Biyar sau biyar.

Lauyan Unguwa: Yayan Marayu, maganar da aka gaya muku cewa ɗan aikin yini ba shi da haƙƙi ba haka take ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da na wucin gadi da ɗan koyo da ɗan aikin yini. Mai wurin ne ke biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, hukumar da ke kula da asusun diyyar, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Matsalar ita ce lokaci, don ana so a shigar da nema cikin shekara ɗaya, sai in akwai uzuri mai ƙarfi. Kuma dokar masana'antu ta wajabta a kange sassan inji masu haɗari, a kuma kai rahoton raunin da ya hana mutum aiki fiye da kwana uku ga masu duba masana'antu na ma'aikatar ƙwadago. Ku nemi lauya ya duba, kada ku yanke hukunci da kanku.

Yayan Marayu: Lauya da wane kuɗi? Kuma mahaifiyarmu ta ce a bar wa Allah, mai wurin surukin maƙwabcinmu ne. Ina kake lokacin?

Lauyan Unguwa: Ban san ka ba lokacin, ɗan'uwa. Yanzu nake gaya maka.

Maman Yara: Ni abin da ban ji kowa ya faɗa ba shi ne yaran kansu. Mun sayi takunkumi da takalmin sefti a wajen sarrafa tumaturinmu, watan Afrilu ya zo, kowa ya cire ya rataye. Wasu takalman a kasuwa na gan su. Sai da muka sa fanka mai zuƙe tururi sannan aka samu sauƙi.

Sefti Ofisa: Shi ya sa kayan sawa ke zuwa ƙarshe, Hajiya. Ana fara kawar da haɗarin ne, ko a kange shi. Alhaji, kada ka manta da ƙofa. A 2002 wata masana'antar roba ta ƙone a Ikorodu, ma'aikatan dare suka mutu a ciki saboda ƙofa a kulle take. Ka duba naka, ko buhunan ɓuntu sun toshe ta baya.

Birkila: Tunda an zo maganar wuta, ku yi hattara da masu cika tukunyar kashe gobara. Mun ba wani guda shida, ya manna sabuwar takarda ya karɓi dubu 9 kowace. Ranar da waya ta kama a sito, na finciko fil na matsa, sai "fuss" kamar an buɗe lemon kwalba. Da yashi muka kashe.

Auta: Dubu 9? Ni dubu 4 ake cika mini.

Birkila: Shi ya sa taka ma iska ce a ciki. Je ka gwada.

Baba Makanike: Ba sai ya gwada ba, in ya matsa ta sau ɗaya sai an sake cikawa. Ya duba allurar agogon da ke jikinta, in tana kan kore, sannan ya ɗora a sikeli. Wasu ma allurar suke mannewa.

Mai Inji: Na gode jama'a. Kwaɗon na aika a sayo. Amma har yanzu ban ji wanne zan ɗauka ba, saura kwana 16. Sefti Ofisa, in na yi zagayen da kaina da yarana, akwai wanda zai duba ya sa hannu a ƙasa da dubu 450?

Auta: Na ɗora a sikelin fulawa. A jiki an rubuta kilo 9, sikeli ya ce 6 da ɗan wani abu. Birkila, kilo 9 ɗin nan har da ƙarfen ne ko hodar kaɗai?