Kilo 3 da giram 40: 3.4 ake rubutawa ko 3.04?

Ɗalibi:
Assalamu alaikum. Don Allah malamai a warware mini wannan. An ce a jera nauyi uku daga ƙarami zuwa babba: kilo 3 da giram 40, da kilogiram 3.4, da miligiram 3,100,000. A ganina na farko da na biyu duk ɗaya ne, amma amsar littafin ta ce ba haka ba. Ina matsalar take?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Littafin ne ke da gaskiya, ɗalibi. Ba a kwatanta nauyi sai an mayar da su ma'auni guda, kuma a nan giram ya fi sauƙi. Kilo ɗaya giram 1,000 ne, giram ɗaya kuma miligiram 1,000.

Kilo 3 da giram 40 ya zama giram 3,040. Kilogiram 3.4 sau 1,000 ya ba da giram 3,400. Miligiram 3,100,000 a raba da 1,000, giram 3,100. Jerin ke nan: 3,040, sai 3,100, sai 3,400. Ka ga tsakanin biyun da ka ɗauka ɗaya ne akwai giram 360.

Ga inda ƙafa ke zamewa. Idan da kilo aka rubuta, gurbi uku na bayan ɗigo na giram ne: na farko ɗaruruwa, na biyu gomomi, na uku ɗai-ɗai. Giram 40 bai kai ɗari ba, dole sifili ya riƙe gurbin farko, ka rubuta 3.040 ko 3.04. Da giram 5 ne, sai 3.005. Ka saba da cika gurbin nan uku duk lokacin da kake aiki, ko da sifilin ƙarshe bai ƙara komai ba.

Injiniya:
Malam ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Daga babban ma'auni zuwa ƙarami ninkawa ake yi, ɗigo ya matsa dama gurbi uku. In za a koma babba, ya matsa hagu. Idan ka sauko daga kilo zuwa giram lambar ta ragu, to ka juya lissafin.

A kula da tan. Na tsarin mita kilo 1,000 ne cif, don haka tan 0.06 kilo 60 ne. Amma wanda aka fi amfani da shi a Amurka kusan kilo 907 ne, tsohon na Ingila kuwa kusan 1,016. Sai kuma waƙafi: a Faransa da Jamus shi ke madadin ɗigo, wato 2,500 kg a takardarsu kilo biyu da rabi ne, ba dubu biyu da ɗari biyar ba.

Mai Haɗa Magani:
Wanda ya fi haɗari shi ne rikita mg (miligiram) da mcg ko µg (maikirogiram). Miligiram ɗaya maikirogiram 1,000 ne, saboda haka 0.5 mg daidai yake da 500 mcg. Kuskuren harafi ɗaya, magani ya ninku sau dubu. Shi ya sa ake rubuta 0.5 ba .5 ba, kuma 5 ba 5.0 ba, don ɗigo na iya ɓacewa a karanta 50.

Sikeli ma yana da iyaka. Wanda ke ƙirga giram ɗai-ɗai ba zai auna miligiram 250 ba, sifili kawai zai nuna. Kuma a ɗora mazubi tukuna, a mayar da sikelin sifili, sannan a zuba abin awo.

Ɗalibi:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. To lita ɗaya kilo ɗaya ce?

Injiniya:
Ga ruwa zalla kaɗai, shi ma ya fi daidai a sanyin kusan digiri 4. Lita girman wuri take aunawa, ba nauyi ba. Litar fetur kusan giram 750 ce, ta zaiba kuwa ta haura kilo 13 da rabi.