Zan zauna a makaranta zangon bazara a Amurka, kwas biyu sun yi yawa?

Auta:
Assalamu alaikum yayyena. Na gama shekarar farko a jami'a a Amurka, da bizar ɗalibai ta F-1. Ina son in zauna a makaranta zangon bazara (summer) in yi kwas biyu, Calculus II mai yunit 4 da kwas ɗin rubutu mai yunit 3, duka a kashin farko na mako 6, sannan in kama aiki a laburare. Zai yiwu kuwa? Kuma me ya kamata in shirya tun yanzu?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ɗauki biro mu lissafa. Zangon da kika saba da shi mako 15 ne. Kwas mai yunit 4 yana cin kusan awa 60 a aji, kuma idan aka matse shi cikin mako 6 ba a rage masa ko babi ɗaya, sai ya koma awa 10 a mako. Ƙa'idar da jami'o'in can ke bi ita ce kowace awa ɗaya a aji tana son awa biyu na bita da aikin gida. Calculus II kaɗai ya tashi awa 30 ke nan. Na rubutu zai ci awa 7 da rabi a aji, da 15 a waje. Jimla ta haura 50, ba a sa aikin laburare ba.

Inda ake faɗuwa a Calculus II shi ne darasin yau a kan na jiya yake zaune. A zangon bazara, abin da ake koyarwa ranar Litinin kaɗai ya kai rabin aikin mako guda na sauran zanguna, ko fiye. Zazzaɓin kwana biyu ya isa ya bar ki a baya, ga jarrabawar farko tana zuwa tun mako na biyu ko na uku. Ki raba su: lissafi a kashin farko, rubutu a na biyu. Idan makarantarku na da tsarin mako 8 ko 10, ki kai lissafin can, ya fi ba ƙwaƙwalwa damar narkar da shi.

Anti Mai Ofis:
Shawarar Malam ta yi, amma kafin rajista ki fara da maganar kuɗi. Tallafin karatu da yawa zangon kaka da na bayan hunturu kawai yake biya, na bazara kuwa kan kowane yunit ake caji. Ki tura wa ofishin tallafi imel, ki samu amsa a rubuce.

Batun biza, ɗalibar da ta gama shekara guda kuma za ta dawo zango mai zuwa, bazara hutunta ce, ba dole ta cika yunit 12 da bizar ke buƙata a sauran zanguna ba. Aikin cikin makaranta awa 20 ne iyakarsa a mako idan ana zangon karatu, a hutu yana iya haura haka, sai dai kowace jami'a da nata sharaɗin ga mai ɗaukar kwas. Ki tambayi jami'in ɗaliban ƙasashen waje. Aiki a wajen makaranta ba da izini ba, ko na kwana ɗaya ne, kada ki kusance shi.

Ki kuma rubuta ranar ƙarshe ta ajiye kwas. A bazara kwanaki kaɗan ne. In ta wuce, kuɗi ba ya dawowa duka, kuma alamar W, ta janyewa daga kwas, za ta hau takardar sakamakonki.

Ɗan Zariya:
Ni ina ganin ta duba kwalejin al'umma (community college) ta garin, yunit ɗinsu ya fi arha nesa ba kusa ba.

Anti Mai Ofis:
Haka ne, amma da sharaɗi. Sai jami'arta ta amince a rubuce kafin ta shiga ajin, kuma galibi sai ta samu C ko sama za a karɓa. Yawanci yunit ɗin ne ke tahowa, makin ba ya shiga GPA, wato matsakaicin makinta na jami'a.

Yaya Babba:
Auta, kada ki manta wurin kwana. Kwangilar ɗakinki tana ƙarewa a watan Mayu, ta bazara daban ake cikewa, kuma sau da yawa gini ɗaya ko biyu ake tattara kowa a ciki. Tambayi ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, don tsofaffin gine-gine a Yuli sai da fanka. Tambayi kuma kwanakin da ke tsakanin fita daga tsohon ɗaki da shiga sabo, da tsakanin ƙarshen bazara da buɗe makaranta a Agusta, nan ake samun ɗalibi da akwati ba wurin sa kai. Ɗakunan cin abinci da yawa suna rufewa ko su rage lokaci, motocin makaranta ma haka, don haka ki nemi ginin da ke da kicin, ki tanadi tukunya da shinkafa tun kafin abokanki masu mota su watse.